Gishirin da Ya Tafi Fatauci

Malam Mamman Bahago ya rasu wata Laraba da hantsi, a zaune a zaurensa, da allura a hannun hagu da rigar wani ango a kan cinya, bai ƙarasa ɗinkin wuyanta ba. Duk Limancin Kona an yi masa kyakkyawar shaida, kuma ya cancanta. Ya riƙe marayu, ya koya wa rabin unguwa ɗinkin hannu, ya gyara aurarrakin da shi kansa bai san adadinsu ba. Sai dai akwai abin da masu ta'aziyya suka yi ta tsallakewa don ladabi: birnin Zariya bai taɓa yin tsoho mai kushe abinci kamarsa ba.

Ko wa ya yi girki, sai Malam ya samo masa laifi. Zai shigo cikin gida yana dogara sanda, ya zauna kan turmin da ke kife a ƙofar ɗakin matarsa Iya Delu, ya buɗe kwano, ya yi tari sau biyu, ya ce, "Delu, yau ma gishirin ya tafi fatauci ne?"

Iya kuwa, ko rana Malam ya ce ta fito sai ta leƙa ta gani. Sai ta ce, "Kawo in ji." Ta ɗanɗana, ta ce lafiya ƙalau. Ya ce ai saman ta taɓa, ta tono ƙasan. Ta tono. Ya ce to gefen can fa? Haka za su yi ta yi, surukai na cika suna batsewa a madafa, jikoki na dariya a ɓoye.

Tun da aka fita da shi, Iya ba ta yi kuka ba, kuma ba ta ci abin kirki ba. Ruwa kawai, sai ɗan kunun da take taɓawa da leɓe don a ƙyale ta. An yi lallashi, an yi wa'azi, an kawo mata tsire daga Ƙofar Doka, ƙarshe 'yan zaman makoki suka yi masa adalci. Kullum tana ƙara shigewa cikin mayafin takaba, har awarwaron da ya shekara yana matse mata hannu ya fara zamewa. Babban ɗanta Alhaji Labaran ya yanke hukunci: in aka yi la'asar ranar sadakar bakwai ba ta ci ba, asibiti za a kai ta a yi mata ƙarin ruwa. Iya ta amsa wa bango, don ba ta yi wa ɗan fari magana kai tsaye, ko sunansa ba ta faɗi.

"A faɗa wa wancan, ni da barin ɗakin nan sai dai yadda aka fitar da ubansa."

Wannan magana ta tsaya wa Raihana a ƙirji. Raihana 'yar Alhaji Labaran ce, malamar firamare, mai 'ya'ya biyu, amma a gidan nan ba wanda ya san ta da wani suna sai amaryar Malam. Tun tana tatata take sace masa goro, shi kuma yana barazanar sakinta duk Juma'a. Ta yi kukansa har idonta ya kumbura. Yanzu kuma ga shi tana kallon kakarta na shirin bin sa a hankali, ba wanda ya iya komai.

Akwai wata tsohuwar al'ada ta irin gidajen nan: in tsoho ya cika da shekarunsa, ranar sadaka jikoki kan sa kayansa, su kwaikwayi tafiyarsa da maganarsa, su wawashe gumba, a yi dariya a share hawaye. Malam da bakinsa ya taɓa ce mata, "In na mutu ke za ki naɗa rawanina, amma kada ki ɓata mini tari." Sai dai Alhaji Labaran ya toshe wannan ƙofa tun ranar uku.

"Ba a gidan nan ba," in ji shi. "Mutum ya rasu, a yi masa addu'a. Ba na son shirme."

Alhaji Labaran mutum ne wanda ko gaisuwa yake amsawa kamar yana sa hannu a takardar ofis. Ba laifinsa ba ne kaɗai. Ya tashi a ɗan fari, uwa na kau da kai, uba na wasa da 'ya'yan kowa ban da shi. Abin haushin kuma, duk gidan shi kaɗai ya gaji muryar Malam sak, har in ya yi sallama daga soro yara kan ruga da murna, su ga shi ne, su dawo jiki a sanyaye.

Ranar sadaka, bayan azahar, maza na zaure ana rabon waina, Raihana ta shige turakar Malam ta turo ƙofa. Ta ɗauko babbar rigarsa mai shuɗi. Da ƙamshin turarensa ya buge ta, sai da ta zauna a bakin gado ta yi kuka mai isarta. Sannan ta share fuska, ta zura rigar, ta naɗa rawani a karkace, ta liƙa gemun auduga da ƙullun koko, ta ɗauki sanda.

Da ta fito tsakar gida tana jan ƙafa, wata gwaggo ta saki tire. Raihana ta tsaya kan wata baƙuwa, ta leƙa kwanonta, ta ce, "Baiwar Allah, ta'aziyya kika zo ko ramuwar azumi?"

Dariya ta ɓarke, irin wadda aka daɗe ana dannewa. Wasu na yi suna kuka, wasu na toshe baki da mayafi suna duban hanyar zaure. Mahaifiyarta Jummai ta biyo ta tana raɗa, "Za ki ja mini yau, wallahi za ki ja mini," amma da hannunta ta miƙa mata kwanon faten tsaki da yakuwa da aka dafa wa Iya.

Raihana ta zauna kan turmin, ta ɗaga asabari kaɗan. Iya na zaune kan tabarma da carbi. Ta ɗago ta dubi rawanin, ta dubi gemun da ya fara saɓulewa ta gefe guda.

"Da hagu yake riƙe sanda, shashasha."

Rabon da a ji Iya ta zagi wani tun ranar Laraba. Raihana ta sauya hannu da sauri, ta buɗe kwano, ta yi tari sau biyu, ta kumbura murya.

"Delu, yau ma gishirin ya tafi fatauci ne?"

Hannun Iya ya saki carbi, ya taso, ya nufo kwanon shi kaɗai kamar ba da saninta ba. Ya zo rabi ya tsaya. Sannan ya koma kan cinya.

"Muryar ba ita ba ce," in ji Iya a hankali. "Wannan ai ɗan akuya ne ya yi mura."

Mata suka sake fashewa, amma Raihana ba ta yi dariya ba. Hannun nan ta gani. Nan take ta tuna duk ranakun da ta leƙa kwanon Malam bayan musun, ta tarar ya yi rabi, alhali tsohon loma biyu ya yi. Ta tuna kuma ba ta taɓa ganin Iya ta zauna da kwanonta na kanta ba. Ashe shekara da shekaru haka yake ciyar da ita, su kuwa suna ce masa mai ƙorafi.

Ana cikin haka sallama ta faɗo daga soro, da muryar da ta sa Iya ta zabura. Alhaji Labaran ne, dariyar ta kai masa har zaure. Mata suka watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Ya tsaya kan 'yarsa, ya dubi rigar ubansa a jikinta, fuskarsa ta yi baƙi.

"Raihana, me na ce?"

Ta sauko daga turmin ta durƙusa, da rawani da komai, ta ɗaga masa kwanon.

"Baba, na yi laifi, a hukunta ni. Amma don Allah ka zauna nan ka ce babu gishiri."

"Ki ce me?"

"Iya ta miƙo hannu, Baba," ta faɗa ƙasa-ƙasa. "Muryata ce ta mayar da ita."

Ya dubi asabarin. Ta tsakanin karan ana hango uwarsa, ta juya fuska ga bango kamar yadda ta saba in yana wuri, wuyan hannunta ya zama kamar sillen kara. Ladanin unguwa ya fara gyara lasifika don kiran la'asar, ana jin ƙararta. Raihana ta tabbata yau sai an kore ta gidan mijinta da gemu.

Sai Alhaji Labaran ya tattare rigarsa ta shadda ya zauna kan turmi. Ya karɓi kwanon da dama, sannan ya mayar da shi hagu. Ya yi tari sau biyu. Duk tsakar gidan ba wanda tsigar jikinsa ba ta tashi ba. Ya buɗe baki, sunan ya gagare shi, don ɗa ba ya kiran uwa gatsau, sai ya tsallake shi.

"Yau ma gishirin ya tafi fatauci ne?"

Can asabari ya motsa, hannu ya fito.

"Kawo in ji."

Ta ɗanɗana. "Lafiya ƙalau."

Raihana ta zunguri ƙafar ubanta, abin da ba ta taɓa yi ba a rayuwarta. Ya leƙa kwanon, ya ce:

"Ai saman kika taɓa. Tono ƙasan."

Cokali ya kankari ƙasan kwano. Ya sake. Iya na ci, hawayen da ta riƙe tun ranar Laraba na gangarowa cikin faten, ba ta share ba. Sai da ta yi rabi ta ajiye cokalin, ta dubi gemun Raihana da ke lilo a haɓa.

"Tun ina amarya yake mini wannan dabarar," ta ce, "yana tsammanin ban gane ba."

Sannan ta turo kwanon waje, ta juya ga bango.

"A faɗa wa wancan, gobe ya zo da wuri. Ubansa ba ya wuce azahar."