Faranti na Uku

"Na biyu, guda biyu!"

Eulogio ya ƙwala wa labulen kicin kira har jijiyar wuyansa ta miƙe. Ya dire kofuna gaban wasu Jamusawa mata da miji, ya goge hannu da tawul ɗin kafaɗarsa, ya ɗan dakata kamar mai jiran amsa, sannan ya ɗaga labulen ya shige. Babu kowa a ciki. Shi ya tsoma ƙananan kifin a mai, shi ya kwashe, shi ya fito da su yana cewa, "Uwargida ta ce ku ci da zafinsa."

Wata goma sha huɗu ke nan yana wannan wasan, kuma duk mu 'yan unguwar Realejo mun sani, mun ja bakinmu mun yi shiru. A Granada ba a miƙa wa mutum abin sha haka tsura. Kowane kofi da farantinsa kyauta, kuma ba kai ke zaɓa ba. A mashayar Eulogio kofi na farko zaitun ne da burodi, na biyu soyayyen kifi, na uku kuwa yalo ne da aka yanka siriri aka soya, aka ɗiga masa zumar rake. Mai mashaya ya yi kira, kicin ya amsa. Shekara arba'in da ɗaya matarsa Angustias ce ke amsawa, har ranar da ta tsaya gaban tukunya ta tambaye shi gidan wa suka zo. Yanzu tana gidan kula da tsofaffi a bayan gari.

Allon ƙofar mashayar sunan mahaifin Eulogio ne a jiki. Takardun hukuma sunansa ne. Wuri ɗaya tak a duniya aka rubuta sunan Angustias, shi ne littafin nan mai jan bango da baƙi ke yawo da shi, wanda ke gaya musu inda za su kwana da inda za su ci. Shafi na tamanin da huɗu, layi uku: "Ka daure ka kai kofi na uku saboda yalon Doña Angustias." Da akwai wani layin kan ɗakuna huɗu na sama da take saukar da baƙi, amma da ya rufe ɗakunan aka share shi. Saura wannan.

Ƙarfe ɗaya ta gota Baldomero ya faɗo yana haki. Tsohon direban bas ne, kujerar ƙarshen kantar mashayar tasa ce tun kafin ya yi furfura.

"Tana tafe," ya ce ƙasa-ƙasa. "Yarinyar littafi. Na gan ta a mashayar da ke kan kwanar titi tana rubuce-rubuce. Sabon bugu za su yi, duk wanda ya mutu ko ya rufe sai ta ja masa layi."

Tawul ɗin ya zame daga kafaɗar Eulogio. "Angustias ba ta mutu ba."

"Wa ya ce ta mutu? Amma ba ta ciki, mutumina. Bari in shiga in riƙa buga tukwane. In ka kira in siranta murya."

"Kai? Da wannan muryar taka kamar tsohuwar mota a kan hawa?"

"Mata sun so muryar nan a zamaninta."

"Shiga ka buga tukwane. Amma in ka buɗe baki, na rantse sai ka nemi wata kujerar a garin nan."

Baldomero ya shige da tumbinsa, labulen ya bi bayansa.

Ta shigo da ƙaramar jaka a kafaɗa, mace mai kimanin shekara arba'in, takalmanta sun sha tafiya. Ta zauna a bakin kantar, ta dubi bango da tsofaffin hotuna, ta yi murmushi.

"Don Eulogio," ta ce, da laƙabin girmamawa irin na ƙasar, "ba ka canja ba. Ni ce Maite. Shekara goma sha biyu da suka wuce na kwana uku a ɗakinku na sama, mai kallon coci. Ni na rubuta ku a littafin."

"Sannu da zuwa, 'yata. Me za a kawo?"

"Ruwan inabi marar kaifi. Mashaya tara ke jirana yau."

"Na farko, guda ɗaya!" ya ƙwala.

Daga ciki aka ji ƙarar murfin tukunya, gwaram, kamar an jefar da shi daga bene. Eulogio ya runtse ido. Ya shiga, ya fito da zaitun. Ta ci biyu, ta rubuta wani abu, ta tambaye shi ko har yanzu yana rufewa ranar Litinin. Ya ce eh. Ta miƙo kofi.

"Na biyu, guda ɗaya!"

Tukwane suka sake kacaniya, sai kuma tari ya biyo baya, irin tarin da shekara hamsin ta taba ke bari a ƙirjin namiji. Jamusawan suka ɗaga kai. Eulogio ya ce, "Mura ce ke damunta," ya shige da sauri. Ya samu Baldomero ya toshe baki da tsumma, idanunsa sun yi ja. Bai ko iya zaginsa ba. Ya soya kifin.

Maite ta ci kifin a hankali, ba ta rubuta komai ba. Da ta gama ta tura kofin gabansa.

Nan ne fa. Ya cika kofin, ya juya ga labulen, ya buɗe baki, muryar ta fito ƙarama.

"Na uku, guda ɗaya."

Shiru. Ko tukwanen ba su motsa ba.

Ya shiga. Yalon na jiƙe a ruwan gishiri tun safe kamar yadda take yi. Ya tsane shi, ya birkiɗa a fulawa, ya zuba a mai, ya kwashe, ya zagaya zumar rake sau uku daga sama. Komai yadda ya gani a hannunta sau dubu. Ya fito ya ajiye farantin, ya koma gefe yana goge kofin da ya riga ya goge.

Ta ɗauki yanki ɗaya ta ci. Ta ɗauki na biyu. Sannan ta ajiye cokalin.

"Don Eulogio, ina take?"

"Tana ciki."

"Kwana uku na yi a saman nan. Duk kiran da ka yi, ta tagata nake jin amsarta: 'Na ji! Ni ba kurma ba ce!' Har yau in mijina ya maimaita mini magana abin da nake ce masa ke nan. Yau ka kira sau uku."

Ya ci gaba da goge kofin. Labulen ya motsa, Baldomero ya fito da fulawa a gaban rigarsa, ya cire hula, ya lallaɓa ya hau kujerarsa, bai dubi kowa ba. Kai, ban taɓa ganin tsofaffi biyu sun ji kunya irin ta ranar ba.

Eulogio ya gaya mata komai a tsaye, a gajarce, kamar mai karanta farashin kasuwa. Ya ce tana da rai, tana cin abinci, kawai ba ta san shi ba. Ya ce kullum da yamma yana zuwa ya karanta mata shafin.

"Yalon ya yi daɗi," Maite ta ce. "Da gaske nake. Ba zan cire mashayar ba. Sai dai in rubuta yalon Don Eulogio."

"A'a."

"Mutane na tasowa daga wata ƙasa da littafin nan a hannu. Abin da ke ciki ya kamata ya zama gaskiya."

"Shekara arba'in da ɗaya tana bayan labulen can, 'yata. Zafin Agusta, sanyin Janairu. Ba ta taɓa ganin teku ba sai a bikin ƙanwarta. Duk garin nan 'matar Eulogio' ake ce mata. Ke kaɗai kika leƙa kika tambayi sunanta. Ranar da littafin ya iso ta sa na karanta mata sau goma, ita da ba ta jin yaren da aka rubuta shi da shi. Ta gyara gashinta ta je ta nuna wa mai kifi shafin." Ya ajiye kofin da yake gogewa. "Komai ya tafi daga kanta. In kika share wannan, ina za a same ta?"

Baldomero ya fyace hanci da ƙarfi. Maite ta daɗe tana kallon farantin. Ta rufe littafin rubutunta, ta zaro ɗan katin da ke da lambarta ta ajiye a gabansa.

"Ban ji tari ba," ta ce. "Ban ga kowa da fulawa ba. Zan bar layin yadda yake."

Ya ɗauki katin ya sa a aljihu. Ta sumbaci kumatunsa biyu ta fita.

"Mun ci nasara!" Baldomero ya ce yana share ido. "Ka ga aikin tukwane?"

"Rufe mini baki, tsohon banza. Saura kaɗan ka kashe ni."

Ƙarfe huɗu ya ja ƙofar ƙarfe ya rufe. Ya soya sabon yalo, ya rufe shi da faranti, ya ɗaure a tawul. Bai taɓa kai mata ba, don ma'aikatan gidan ba sa son abin mai, amma yau ranar murna ce. Ya sa littafin mai jan bango a aljihun kwat, ya hau bas, ya riƙe ƙunshin a cinya har bayan gari.

Ya same ta a bakin taga cikin rigar sanyi mai ruwan toka, an taje mata gashi ta gefen da ba ta so. Hannayenta, masu tabon ƙunar mai har gwiwar hannu, suna kwance a cinya ba aikin yi.

"Angu, ni ne."

Ta dube shi da ladabin da ake yi wa baƙo. "Sannu, malam."

Ya zauna, ya buɗe shafi na tamanin da huɗu, wanda ya yi baƙi don taɓawa. Ya faɗa mata layin da yarensu, yadda ya haddace. Da can takan yi murmushi in ta ji sunan. Yau kallon tsuntsayen da ke kan waya take yi. Ya maimaita. Ko gezau.

Ya kwance tawul ɗin, ya buɗe farantin. Bai san lokacin da abin ya fita daga bakinsa ba, don baki ya saba, in dai yalo na hannunsa.

"Na uku, guda ɗaya."

"Na ji!" ta ce da ƙarfi, har matar da ke gadon gefe ta firgita. "Ni ba kurma ba ce!"

Ta juyo, idanunta a kan farantin, ba a kansa ba. Ta miƙa hannu ta ɗauki yanki ɗaya, ta ɗaga shi ga hasken taga, ta juya shi, ta matsa da yatsa. Mai ya fito ya jiƙa yatsan. Ta gutsura, ta tauna, ta yamutsa fuska.

"Wa ya soya wannan?"

"Naki ne, Angu. Yalon Doña Angustias."

"Ƙarya ne." Ta mayar da ragowar cikin farantin, ta goge yatsa a tawul. "Man bai yi zafi ba aka zuba. Matsoraci ne ya soya, mai gudun fantsama. Dubi yadda ya sha mai kamar soso." Ta nuna shi da yatsa, irin nunin da ya sha shekara arba'in da ɗaya. "Ka je ka gaya wa mai gidan, kada a sake fitar da wannan da sunana. Wanda ya soya ya sa nasa."

"Angu..."

Amma ta riga ta koma ga taga. Bayan ɗan lokaci ta waigo, ta gan shi zaune da faranti yana zubar da hawaye, ta ce cikin tausayi, "Malam, wani kake jira?"

Ya zauna da ita har aka zo ba su magani. Ya gyara mata gashin ya mayar gefen da take so, ta ƙyale shi.

A tashar bas rana na nan da sauran ƙarfinta. Ya ajiye ƙunshin a kan benci, ya laluba aljihu ya zaro katin. Sai da ya sa tabarau, sai da ya yi kuskuren lamba sau biyu. Maite ta ɗauka, hayaniyar wata mashayar na tashi a bayanta.

"Don Eulogio? Na ce maka zan bar shi, kada ka damu."

"Ki cire."

"Ka tabbata? Me ya faru?"

"Mai sunan ta hana."

Bas ta taho, ta tsaya, ta buɗe ƙofa. Ya ɗaga wa direban hannu alamar ya wuce, bai hau ba.

"To me zan rubuta?" Maite ta tambaya a hankali.

Ya dubi ƙunshin. Mai ya riga ya ratsa tawul ɗin ya yi tabo a kan bencin.

"Ki rubuta yalon Eulogio," ya ce. "Ki ce yana kan koyo."