Gumin Kwamfutar Lubna

Kwamfutar Lubna takan ɗauke idan ta yi zafi. Sau huɗu ke nan tana mutuwa a tsakiyar haɗa bidiyon zanen ginin da Lubna za ta kare gaban malamanta ranar Litinin, ga shi yau Asabar. Aikin na buƙatar awa shida ba tsayawa. Kwamfutar ba ta taɓa wuce biyu ba.

Mahaifinta, Injiniya Ja'afaru, ya shekara talatin da ɗaya yana kula da na'urorin sanyaya ofis a wata ma'aikata, galibi ta hanyar rubuta takarda a kira mai gyara. Tun da ya yi ritaya babu wanda ya nemi shawararsa a gidan nan na Unguwar Rimi. Wannan karon ma ba a nema ba.

Ya ɗauko injin tsotse danshi da matarsa, Hajiya Turai, ke kunnawa da damina don kada lesunanta su yi fumfuna. Ya kwance murfinsa, ya lanƙwaso bututun da ke yin sanyi, ya tsoma a kula cike da ruwa. Daga kular ya ja tiyo biyu zuwa cikin kwamfutar, wadda dama da ruwa take sanyaya kanta.

"Baba, ka tabbata?"

"Kunna kawai."

Ma'aunin zafi, da ya saba kaiwa casa'in da huɗu, ya tsaya a goma sha biyu. Ja'afaru ya ɗauki hotonsa ya tura wa tsofaffin abokan aiki.

Bayan azahar Hajiya Turai ta leƙo. "Alhaji, tiyon nan naka gumi yake yi kamar randa."

"Alamar aiki ke nan. Kin taɓa ganin randa mai sanyi a bushe?"

"Ni dai randata babu wayar lantarki a cikinta."

Ya yi dariya, ya ce kowa da fanninsa.

Watan Agusta ne, an kuma yi ruwa da safe. Injin bai manta sana'arsa ba: danshin ɗakin ya ci gaba da taruwa a kan duk abin da ya fi sanyi. Sai dai yanzu abin da ya fi sanyi yana cikin kwamfutar.

Ana kiran la'asar, aiki ya kai kashi tamanin da bakwai, aka ji ƙas. Allon ya yi baƙi. Da Lubna ta karkata akwatin kwamfutar, ruwa ya zubo a kan tebur.

Ta kwance faifan da aikinta ke ciki, ta goge shi da gefen mayafi, ta fita neman Keke Napep zuwa Unguwar Sarki, wurin ƙawarta Asma'u, mai tsohuwar kwamfutar da sai ta yi awa ashirin a kan irin wannan aiki, in wuta ta tsaya.

Ja'afaru ya zura hannu cikin akwatin ya taɓa ƙarfen. Har yanzu da sanyinsa.

"A dai shaida," ya ce wa matarsa, "ba zafi ne ya kashe ta ba."