Tazarar Mil Shida

Auta ta matso da kujerarta gaban allon rada mai nuna jirage, ta sake auna tazarar da ke tsakanin ɗigo biyun. Na gaba babban jirgin kaya ne, ya miƙo zai sauka. Na baya ƙaramin jirgi ne mai farfela ɗaya. Mil huɗu ke tsakaninsu, ƙa'ida kuwa shida ce, domin babban jirgi yakan bar guguwa a bayan fikafikansa, wadda ido ba ya gani amma tana iya kifar da ƙarami.

Malam, wanda ya shafe wata takwas yana horar da ita a hasumiyar filin jirgin, yana tsaye a bayanta da takarda da kofin shayi. In ya sa hannu yau, daga gobe ita kaɗai za ta riƙa zama a kujerar.

Matuƙin ƙaramin jirgin kuwa Kawu ne, yayan mahaifiyarta, yau kuma tashinsa na ƙarshe kafin ritaya. 'Yan gida duk suna ƙasa suna jiransa. Tun tana yarinya ba ta taɓa yi masa musu ba, ko gaisuwa takalminsa take kallo.

Muryarsa ta shigo kunnenta a natse, kamar yana falo. Ya ce yana ganin babban jirgin sarai, a bar shi ya ci gaba. Ta duba ma'aunin iska. Iskar a tsaye take cak, babu abin da zai kore guguwar daga hanya. Malam ya kurɓi shayinsa.

Ta danna maɓallin rediyo.

"Ba a amince ba. Juya hagu, ka yi zagaye ɗaya. Guguwarsa na nan a gabanka."

Sai ga ɗigon ya karkata hagu. Bayan minti huɗu ta ba shi izini, ya sauka lafiya lau.

Malam ya sa hannu yana ƙorafin cewa ta sa shayinsa ya huce.

Da ta sauko bayan tashi daga aiki, labari ya riga ta. Umma ta tare ta tana tambaya, wai da gaske ne ta sa Kawu shawagi a sama kamar shirwa, mutane na tsaye suna jira?

"Rabu da ita," in ji Kawu. "'Yar sanda kika haifa mana ba ki sani ba." Ya juyo. "Mil nawa ne, Auta?"

"Huɗu, Kawu."

"Da ido na ɗauka sun kai biyar da wani abu." Ya cire gilashinsa, ya daɗe yana goge shi da bakin riga. "To, gara da yau ce ta ƙarshe."

Suka nufi inda ya ajiye mota, Auta na biye ɗauke da jakarsa kamar kullum. Kowa ya shiga, ya tayar da injin, amma bai motsa ba. Umma ta tambaye shi me kuma ake jira. Ya kalli Auta ta madubi.

Ta sunkuyar da kai tana murmushi.

"An ba ka izini, Kawu."