Inda Kifin Lusuwe Ke Zuba Ƙwai

Dakta Kamanga ya ja jan biro tun daga saman shafin har ƙasa, sannan ya turo wa Wezi kundinta da ɗan yatsa ɗaya, kamar mai ture kwanon da ƙuda ya faɗa.

"Wa ya gaya miki wannan?"

"Goggona ce, Dakta. A Lusuwe aka haife ta, shekararta arba'in tana bandar kifi."

"Goggonki." Ya zare tabarau ya dube ta. "To madalla. A wace mujalla goggon taki ta wallafa? Wace shekara? Shafi na nawa?"

Wezi ta sunkuyar da kai. Allah sarki, yarinyar nan ba raguwa ba ce. Wezi Mphande ke nan, 'yar ajin ƙarshe a sashen nazarin kifi, kuma ita ce ta farko a duk zuriyarsu da ta taka ƙofar jami'a. Kundin bincikenta a kan chambo ne, kifin nan da duk wanda ya tashi a bakin tafkinmu ya san daɗinsa da tuwon rogo. A babi na biyu ta rubuta cewa chambon Lusuwe yana zuba ƙwai a wani lungun yashi da ke kudu da ƙauyen, bayan kyauro, inda ƙaramin rafi ke shiga tafki. Haka goggonta ta faɗa mata lokacin hutu, suna zaune suna fere rogo.

"Maƙala bakwai na lissafa miki," in ji Dakta. "Bakwai! Dukansu sun ce a duwatsun arewa ne. Ke kuma kin zo mini da hirar gindin murhu. Jibi Jumma'a ake rufe karɓa. In ban sa hannu ba, sai baɗi, ke kika sani."

Sai baɗi. Ga uwarta can ta riga ta kai atamfar bikin yaye ɗalibai wurin tela, har ta gayyaci matan cocinsu kaf.

Daga ofishin ba ta zame ko'ina ba sai laburare. Can ta tarar da Malam Gondwe, tsohon ma'aikacin nan da ke koya wa 'yan ajin farko yadda ake neman bayani, darasin da ɗalibai ke gudu saboda ba ya cikin jarrabawa. Ita ma Wezi sau biyu kacal ta taɓa shiga. Ya gan ta tana juya takardu idonta ya yi ja, ya jawo kujera.

"'Yata, wa ya rasu?"

Ta ba shi labari. Ya saurara har ƙarshe, ya karɓi jerin maƙalun ya riƙe shi nesa da idonsa.

"Kin karanta su?"

"Na karanta, Baba. Duk bakinsu ɗaya."

"Bakinsu ɗaya, na ji. Amma kin tambayi kowanne daga ina ya jiyo? Mutum bakwai kan iya zuwa miki da labari, ki bincika ki tarar duk a mota ɗaya suka ji shi. Buɗe ta ƙarshen. Bar saman, sauka ƙasa, inda ya jera madogararsa."

Haka suka zauna har rana ta take. Yana nuna mata da farce, tana rubutawa. Ta bakwai ta dogara da ta biyar. Ta biyar ta jingina da ta uku da ta biyu. Ta shida kuwa, ba kunya ba tsoro, ta kwashe jimlar ta huɗu ne har da kuskuren bugu. Ba ko ɗaya a cikinsu da ya ce ni na je, na jiƙa ƙafata, na gani. Da suka gama bin sawu, sai duk hanyoyin suka haɗu a ƙofa guda: maƙalar wani Bature, Brandt, ta shekara talatin da suka wuce.

Maƙalar ba ta cikin kwamfuta. Malam Gondwe ya ɗauki makulli suka sauka ɗakin ƙasa, inda tsofaffin mujallu ke kwance suna warin raɓa. Ya zaro wani ƙaton kundi mai koren bango, ya busa ƙura, ya miƙa mata.

"Fara da inda ya faɗi yadda ya yi aikin. Nan ake kama mutum."

Kwana tara Baturen ya yi a Lusuwe. Mutum shida ya yi hira da su. Maganar duwatsun arewa kuwa daga bakin mutum ɗaya ta fito, wadda ya kira mai bayani ta huɗu, mace, mai bandar kifi. Wezi ta juya shafi, sai ga hoto. Wata matashiya ce tsaye a gaban ragar banda, ta riƙe ƙugu, ta karkatar da ɗankwali, tana wani murmushi ta gefen baki. A ƙasa an rubuta: wata mata 'yar ƙauyen.

Wezi ta san murmushin nan. Shi ake yi mata tun tana rarrafe.

"Baba," ta ce, "goggona ce."

Malam Gondwe ya tafa hannu har ƙura ta tashi. "Kin gani! Shekara ashirin da shida ina wannan aiki ina jiran ɗalibi ɗaya ya kamo irin wannan. Madogarar tasu gaba ɗaya tana raye, kuma ta gaya miki akasin abin da aka buga! Je ki same ta, ki ɗauki muryarta, ki sa kwanan wata. Ba Kamanga ba, ko wa ye sai ya saurare ki. Kuma kin san yanzu duk kundin da ya ci muna ɗora shi a intanet. Duniya za ta karanta, 'yata."

Ranar Laraba ce, ranar da Goggo NyaManda ke hawowa gari da kwandunanta. Wezi ta same ta a layin masu kifi, tana kora ƙuda da reshen ganye, tana yi wa wata mai ciniki tsiya.

"Ajiye mini kifi, uwar ɗaki, kin matsa shi kin matsa shi, mijinki ne? A'a, ga farfesar gidanmu! Zo nan, ramammiya. Karatun ne ke cin ki ko ke ke cin sa?"

Wezi ta durƙusa ta gaishe ta, ta nuna mata hoton da ta ɗauka a waya. Goggo ta ƙura ido, ta matso da wayar, sai ta fashe da dariya har tana dukan cinya.

"Ni ce! Dubi wuya, dubi ƙugu! NyaPhiri, zo ki ga lokacin da maza ke faɗawa ruwa saboda ni. Ai na tuna shi, Baturen nan mai jan hanci. Ko kwalekwale bai iya shiga ba, da ya taka sai amai. Mazan suka ce ba su da lokacinsa, suka turo mana shi wurin banda. Ya bi ni da littafi kamar ɗan akuya, ina kifi ke ƙwai, ina kifi ke ƙwai. Na nuna masa duwatsun arewa."

"Amma Goggo, ni kudu kika ce mini."

"To da fa? Kudun ne."

"Kenan ƙarya kika yi masa?"

"Abin da ake yi wa baƙo na yi masa." Ta rage murya, ta dubi hagu da dama. "Ke kin bar gida kina 'yar shekara tara, shi ya sa. A Lusuwe baƙo ana ba shi tabarma, a ba shi tuwo, a ba shi kifin da ya fi kowanne maiƙo. Amma in ya tambayi gadon kifi, arewa ake nuna masa. Haka kakanmu ya yi, haka ubanki zai yi gobe in an tambaye shi. Mutanen ƙauyen Thoto da suka saki baki, ina chambonsu yau? Damina ɗaya masu jiragen inji suka zo da taru mai ƙananan ido, suka share har ƙwan. Yanzu wurinmu suke saye." Ta sake ƙyalƙyalewa. "Har wata ƙungiya ta zo ta kafa allo a duwatsun nan, wai an hana kamun kifi. Suna can suna gadin ƙaguwa."

Wezi ba ta yi dariya ba. Ta gaya mata komai, jan biron Dakta, maƙalu bakwai, da abin da Malam Gondwe ya ce. Ta ce minti biyar kawai take so, Goggo ta maimaita maganar a waya, a gyara kuskuren shekara talatin.

Reshen ganyen ya tsaya cak a hannun Goggo.

"Wa zai karanta?"

"Dakta. Da masu jarrabawa."

"Sai wa?"

Wezi ta ce, "Ana sa shi a intanet."

"Wato har mai jirgin inji, in ɗansa ya iya karatu."

"Goggo, ilimi ne fa. Shekara talatin mutane na karanta ƙarya suna koyar da ita."

"Shekara talatin kuma kina cin chambo. Da shi aka yaye ki, da shi aka kai ki makarantar da kike mini fahari da ita."

"To don me kika gaya mini tun farko?"

Goggo ta dube ta. Duk wasan nan ya bar fuskarta.

"Na ɗauka 'yar ƙanena ce ke tambayata. Ban san takarda ce ta aro fuskarki ta shigo mini gida ba."

Ta juya ta ci gaba da jera kifi. Can ta zaɓi manya biyu ta naɗe a jarida, ta tura gaban Wezi ba tare da ta ɗago ba. "Ungo. Ki ci wani abu. Ki gaida uwarki."

Da la'asar Wezi ta shiga ɗakin kwamfuta ta ƙofar baya, don kada ta bi ta gaban teburin Malam Gondwe. Ta buɗe babi na biyu. Ta goge lungun kudu, ta goge kyauro, ta goge rafin. Ta rubuta cewa chambon Lusuwe yana zuba ƙwai a duwatsun arewa, ta jera madogara a bayansa tsaf, kowanne da shekararsa da shafinsa, daga Brandt har na ƙarshe, bi da bi yadda suka kwafi juna. Yanzu ai ta iya. Ba ɗalibin da ya kai ta sanin hanyar nan.

Ƙarfe biyar saura ta ƙwanƙwasa ofishin Dakta Kamanga. Ya karanta yana gyaɗa kai, jan biron na kwance a gefe.

"Yauwa. Har kin tono ta asalin? Ni kaina ban taɓa riƙe ta a hannu ba. Kin ga abin da ake kira bincike ke nan. Zan nuna wa 'yan ajin farko shafin nan." Ya ɗauki biro baƙi, sai kuma ya dakata. "Amma kin san me? Kada mu yar da maganar tsohuwar gaba ɗaya. Ƙara layi biyu a ƙasa, ki ce wasu mazauna ƙauyen suna da camfin cewa a kudu ne. Ki kwatanta wurin sosai, da sunan rafin. Masu jarrabawa na son irin wannan. Yaya ma sunan rafin?"

Ƙunshin kifin na cikin jakarta, tana jin ƙamshin hayaƙinsa. Ta dubi tsinin biron da ke rataye a saman layin sa hannu.

"Ba sai an sa ba, Dakta," ta ce. "Na je na sake tambayarta. Ta tsufa, ruɗewa take yi. Goggona ba ta san komai a kan kifi ba, sayarwa kawai take."

Dakta ya yi ɗan murmushi, ya ce da ma ya san za a rina. Ya sa hannu.