Kwazazzabon Babanmu

Shekara goma sha tara ban taka kwazazzabon babanmu ba, kuma laifin Clarrie ne. Haka dai nake gaya wa kaina a birnin Adelaide, ina ninke zannuwan gado a gidan kula da tsofaffi inda nake aiki. Clarrie ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A kan tsohuwar motar Baba muka ɓata, akwalar da ko ƙofarta ba ta rufuwa. Na rantse sai ya fara nemana. Ashe shi ma ya gaji taurin kan gidanmu.

Bana na gaji da jira. Na yi hayar mota na kama jar hanyar da ke zuwa kwazazzabon ni kaɗai, kwana biyu, ba abokin hira sai rediyo, shi ma ya ɗauke a hanya. Na san inda zan same shi. Duk lokacin sanyi yana can yana kwashe yashi daga ramin ruwanmu, aikin da Baba ya bar masa.

A bakin kwazazzabon na tarar da 'yan yawon buɗe ido sun cika babban tafkin da ihu, suna ɗaukar hoton duwatsu. Na wuce su. Namu ruwan yana can ciki, inda bangon dutse ya matse, rana ba ta leƙowa sai da tsaka. Na watsa ɗan yashi a ciki bisa al'adarmu, na gaishe da ruwan da harshenmu, kalmomin suna yi mini nauyi a baki. Ruwan ya yi kore, yashi ya cinye rabinsa.

A gindin wata bishiya na ga Goggo Topsy, ƙanwar Baba, tana dafa shayi a gwangwani.

"Kai! Wa nake gani? Glenys 'yar birni! Ƙiba ce wannan, ko idona ne?"

"Ƙiba ce, Goggo. Ke kuma ina haƙoran?"

"Biyu sun rage, sun ishe ni cin wutsiyar kangaru. Zauna, ja'ira."

Na zauna ina dariya, rabon da in yi irinta har na manta. Sai na nuna ruwan. "Dubi ƙazanta! Ina malalacin nan? Ina Clarrie?"

Goggo ta ajiye gwangwanin, ta kau da kai wajen dutse. A wurinmu ba a kiran sunan wanda ya mutu, sai dai a ce Kumanjayi.

"Kumanjayi ya tafi tun bara waccan," ta ce a hankali. "Mun nemi lambarki, ba mai ita."

Na buɗe baki zan sake kiransa, ko sau ɗaya ne, da ƙarfi. Ta dafa gwiwata.

"Kul, 'yata. Ruwan yana ji."

Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan lokacin ba. Can nesa baƙi suna ta kiran junansu su fito, motarsu za ta tashi. Ni kuwa na zauna ina kallon koren ruwan, sunan ƙanena cike da bakina, ba inda zan sauke shi.