Gurbin Baba Sharafaddeen

Motar haya na tsakiyar gada, tsakanin Khartum da Omdurman, Munira ta sake warware takardar a kan cinyarta har gefenta ya hau gwiwar matar da ke kusa da ita. Matar ta zabga mata harara, ita kuwa ko a jikinta. Wata uku ta kwashe tana wannan zane, sai jiya da la'asar ta gane ta bar mutum guda a waje, kuma yau ce ranarsa ta ƙarshe a bakin aiki.

Kamfanin da take wa aiki a Khartum aka ba kwangilar tsara wa wata cibiyar wankin ƙoda da ke Omdurman sabuwar manhaja. Ƙa'idarsu ita ce, kafin a taɓa kwamfuta sai an zana cibiyar kaf a takarda. Kowane aiki da akwatinsa, kowane bayani da ke tashi daga wannan ofis zuwa wancan da kibiyarsa. Abin da ya shiga zanen shi za a gina, a kansa za a riƙe ma'aikata. Wanda bai shiga ba kuwa, kamar ba a taɓa yinsa ba. Munira na son aikin nan har cikin ranta, tana ma ɗan ji da kanta a kai, domin duk layinsu a unguwar Alhilla Kuku ita kaɗai ake kira muhandisa, wato injiniya.

Baba Sharafaddeen masinja ne a cibiyar, shekara goma sha tara. Iyayensa sun taso daga ƙasar Hausa da niyyar Makka, aikin gona a yankin Jazira ya riƙe su a hanya. Ranar da ya ji Munira na waya da mahaifiyarta da Hausa, ya yi ta murna sai ka ce an yi masa albishir. Tun daga nan ta zama 'yarsa, kuma ba ta ƙara sayen shayi da kanta ba.

Da aka zo jin aikin kowa, sai ta yi zaman a ofishin shugaban cibiyar, Dakta Salahuddin, don can ne na'urar sanyaya ɗaki ke aiki. Aka kira Baba ya tsaya gaban maigidansa, ta ce ya lissafa mata ayyukan da yake yi. Ya sunkuyar da kai, ya ce shi ai babu abin da yake yi, sai ɗan kai takarda nan da can.

Abin da ke cin ta ke nan. Ba baƙuwa ba ce. A gidan da ta tashi, mahaifinta zai wuni yana ɗora bulo, in an tambaye shi ya ce yana nan zaune. Ta san dattijo irin wannan ba ya ƙirga amfaninsa da bakinsa, balle a gaban shugaba. Amma mutum shida na jiran ta kafin azahar, sai ta rubuta "kai takardu" ta kira na gaba. Sabon tsarin kuwa babu takarda a cikinsa.

Jiya Amna, babbar ma'aikaciyar jinya, ta buga mata waya tana tambaya, wai a cikin akwatunan nan wanne ne zai riƙa musanya wa majinyata lokaci. Mutanen unguwar Mayo sai sun hau mota biyu, ba sa isowa bakwai na safe, Baba ne ke lallashin na kusa su shiga gabansu. Tsofaffin da Larabci bai zauna a bakinsu ba, shi suke faɗa wa sun daina shan magani, shi kuma ya raɗa wa Amna. Wanda bai zo ba kwana biyu, Baba ya san ɗan wa zai kira. A ƙarshe ta ce ai an ba shi takardar sallama tun makon jiya.

Yau da ta isa cibiyar, Dakta Salahuddin ya karɓe ta hannu biyu, ya sa aka kawo mata ruwan sanyi, ya saurare ta har ta kai aya. Ta nuna masa inda za ta ƙara akwati, tsakanin wurin rajista da ɗakin wanki, ta ce aikin rabin awa ne. Ya ce hukumar gudanarwa ta riga ta amince da zanen, an sa hannu, an soke gurbin, kuma ba za ta sake zama ba sai baɗi. A lokacin, in Allah ya yarda, za a duba.

"Amma Dakta, ka san aikinsa," in ji ta.

"Na san yana da amfani, ban dai san yadda zan faɗe shi ba. Shi ya sa muka ɗauko ku." Ya miƙa mata takardarta. "Ke kika tambaye shi, Malama, ina zaune."

Babu faɗa a muryarsa. Da ma ya yi faɗan, da ta fi samun sauƙi.

Ta iske Baba a waje, ƙarƙashin dalbejiyar da mai shayi ke kafa kujerunta, yana sallama da wata tsohuwa da ta fito daga wanki tana jan ƙafa. Yana ganin Munira ya jawo mata kujera, ya share da hularsa, ya ɗaga wa mai shayi hannu. Ta gaishe shi, ta tambayi mutanen gida. Ya ce sai alheri, kwanan cin abinci a nan ne ya ƙare, an ce inji zai yi aikin. Ya ce abin da ya fi yi masa daɗi shi ne 'yar gida ce ta zana cibiyar tun daga ƙofa har ɗakin magani, har ya ba matarsa labari. Kunya ta rufe Munira, ta rasa inda za ta sa idonta.

Ya hango takardar a hammatarta, ya ce ta buɗe ya gani. Suka shimfiɗa ta a kan teburin ƙarfe, ya danne gefe ɗaya da kofin shayi. Rubutun Turanci ne, ba ya karanta shi, amma ya daɗe yana bin kibiyoyin da yatsa. Ta nuna masa akwatin Amna, da na likita, da na mai ba da magani.

"Ni kuma ina nake, 'yata?"

Akwai wata doguwar kibiya da ta ratsa tsakiyar takardar. Da ta ɗora yatsa a kai ta ce nan ne, da ya yarda, da ya tafi gida da farin ciki. Hannunta ma ya fara tafiya, ta janye.

"Ba ka ciki, Baba. Ban sa ka ba. Abin da ka faɗa ran nan na rubuta, alhali na san ba haka ba ne. Saboda zanen nan aka sallame ka."

Mai shayi ta kawar da kai tana fifita gawayi. Baba ya ɗauke kofin daga kan takardar, ya goge ɗan zoben ruwan da ya bari da hannun rigarsa, a hankali, kada rubutun ya ɓaci. Sannan ya naɗe ta daidai yadda ya ga ta zo da ita, ya miƙa mata.

"Da a nan waje kika tambaye ni," ya ce, "da na faɗa miki."

Daga bakin ƙofa wani ya leƙo ya ce Iya Kande ta Mayo ta iso, kuma lokacinta ya wuce. Baba ya duba agogonsa, ya ga da sauran awa biyu kafin a tashi. Ya gyara hula, ya ce wa Munira ta sha shayinta kada ya huce, ya shiga ciki.