Gishirin Si Lunis

Ƙwan ya nutse. Na tsaya a kan randa ina hararar sa kamar ya yi mini rashin kunya.

Shekara hamsin da ɗoriya ina jiƙa zaitun a gidan nan na Tizi Malu, kuma yadda uwar mijina ta koya mini haka nake yi: ki zuba gishiri a ruwa, ki motsa, ki saka ɗanyen ƙwai. In ya taso ya leƙo da kai, ruwa ya ji, sai ki juye zaitun. Na ƙara tafi biyu, ƙwan yana kwance. Na ƙara uku, ko gezau. Sai na naɗe hannun riga na zura hannu har ƙasa, na damƙo wani farin taɓo mai tsakuwa-tsakuwa. Na ɗanɗana. Wallahi hawaye ya fi shi gishiri.

"Belaid! Zo nan!"

Ɗana ke nan, shi kaɗai gare ni. Shekara goma sha tara yana tuƙa tifar ƙaramar hukuma, wadda ke watsa gishiri a titi in dusar ƙanƙara ta sauka, don kada hanya ta daskare. Duk shekara in an sauke kaya a sito, kowane ma'aikaci yakan ɗebi bokiti guda ya kai gida a barbaɗa a matakala, mu kuwa tsofaffi mu yagi rabonmu na zaitun. Ba a ɓoye ake yi ba. Gidan magajin gari ma bokiti biyu ake kaiwa.

"Yemma, sau nawa zan gaya miki wannan na titi ne, ba na ci ba?" Yemma, wato uwa, haka yake kirana.

"Na titi ko na lahira, gishiri dai narkewa yake yi. Sa hannunka ka ji."

Ya sa. Ya murza tsakanin yatsu, ya kai hanci, ya kai harshe. Ina kallo fuskarsa ta sauya.

"Garin dutse ne," ya ce a hankali. "Irin na mahaƙar Si Lunis."

Si Lunis shi ke auren ƙanwar magajin gari. Yana da wurin fasa farin dutse a bayan tsauni, rabin samarin garin nan a can suke samun abin kai wa baka. A bana aka wayi gari an ba shi kwangila biyu: kawo gishirin hunturu, da kafa sabuwar danja a mararrabar da ke ƙasan gangare. Mutumin da bai san wayar wuta daga igiyar shanya ba!

* * *

Kashegari Belaid ya dawo da azahar, ya zauna gaban kuskus bai ɗauki cokali ba.

"Buhu tara na farke," ya ce. "Layi biyu na bakin ƙofa gishiri ne tsantsa. Daga nan har bango, dutse."

"Ka gaya wa Arezki?" Shi ne mai riƙe da makullin sito.

"Na gaya masa. Ya ce, 'Kai direba ne ko mai ɗanɗanon miya? An sa hannu an karɓa. Abin da aka loda maka shi za ka watsa.'"

"Arezkin da na goya lokacin da uwarsa ke jinya? To magajin gari fa?"

Kwana uku Belaid yana zaman benci a ƙofar ofishin magajin gari. Yau a ce yana taro, gobe ya sauka birni, jibi yana ciki amma ba ya ganin kowa. Na ce ya rubuta takarda ya ajiye kwafi. Ya ce, "Yemma, takardar a hannun wa za ta faɗa?" Ni kuma na bar maganar. Wannan sakacin nawa har yau yana cizo na.

Ita kuwa danjar an buɗe ta da kiɗa da lemo. Kyakkyawa, siririya, tana ƙyalli. Amma tsohuwar danjar da aka cire tana da ɗumi, har tsuntsaye ke kwana a kanta, dusar ƙanƙara na sauka tana narkewa. Sabuwar sanyi ƙalau take kamar hancin kare. Direbobi sun ce ai irin ta akwai murfin da ake haɗawa da ita a ƙasar sanyi, murfin yana cikin takardar kwangila, a kan ƙarfen ne dai babu shi.

* * *

Ranar Talata aka tashi gari fari fat. Belaid ya yi sallar asuba ya fita. Sau huɗu ya hau gangaren nan ya sauka, ya buɗe bakin tifa har ƙarshe, ko kaɗan ɗin gishirin da ke ciki zai yi wani abu. Me zai yi? Garin dutse ya kwanta bisa ƙanƙara, hanya ta yi kyau a ido kamar an gyara ta.

Ƙarfe bakwai motar haya ta sauko da mutum goma sha ɗaya. Dusar ƙanƙara ta manne a fuskar danja, ja da kore duk sun zama fari. Sai da direban ya zo daf ya hango motar gas tana ƙetarawa. Ya taka birki, birki ya kama, ƙasa ce ta ƙi kamawa.

Ina cikin gida na ji ƙarar, kamar an kifar da tukwanen duniya gaba ɗaya.

Mutum shida suka karye. Ɗaya ta rasu nan take: Dihiya, malamar makaranta, 'yar maƙwabciyata Malha. Ni da Malha shekara ɗaya aka kawo mu unguwar nan, katanga ɗaya ce tsakaninmu, ni na yanke wa Dihiya cibiya. Belaid ne ya ciro ta daga motar. Ya dawo gida da jininta a ƙirjin rigarsa, ya zauna a ƙasa yana cewa, "Sau huɗu, Yemma. Sau huɗu na bi."

Ba a yi kwana uku ba jandarmomi suka ƙwanƙwasa ƙofata. Ba su tambayi komai ba sai bokiti. Suka ɗauke bokitin, suka rubuta sunan Belaid a jiki. Kafin la'asar labari ya gama gari: wai Belaid ne yake sayar da gishirin hukuma yana cike gurbin da garin dutse, ga shaida an samu a gidan uwarsa.

Bokitin da kowa ke ɗauka! Na fita ƙofar gida na ɗaga murya, "Wanda babu irin sa a bayan ƙofarsa ya fito in gan shi!" Tagogi suka rufe ɗaya bayan ɗaya.

* * *

Aka kafa kwamiti, aka sa rana. Abin da ke gabansu shi ne aikin ɗana da sunansa. Belaid ya ce in zauna a gida. Na ɗaura ɗamarata, na ɗauki kwalbar ruwa da kwano da ƙwai guda a cikin ƙyalle.

Zauren cike da maza. Magajin gari a tsakiya, Si Lunis a gefensa cikin farar alkyabbar ulu, yana jan carbi. Mai gadi ya tare ni.

"Nna Farruja, ba wurin mata ba ne."

"Da aka haife ka wurin mata ne, matsa mini."

Na dire kwanon a kan teburinsu, bisa takardu. Na ce, "Ban yi boko ba, amma na san gishiri. A kawo buhu daga sito. In ƙwan nan ya taso, ku ɗaure ɗana da ni kaina. In ya nutse, ku tambayi wanda ya kawo kayan."

Na zaci za su hana. Sai na ga Si Lunis ya yi murmushi.

"Uwa ce, a yi mata abin da take so. Arezki, ɗauko mata buhu."

Tun daga murmushin nan na san akwai wata a ƙasa. Arezki ya dawo da buhu a kafaɗa, ya farke. Na zuba, na motsa. Ruwa ya yi garau, ko ƙura babu. Na saka ƙwai da hannuna. Ya yi ƙasa, ya juya, ya taso yana lilo a saman ruwa.

Wani ya tuntsire da dariya daga baya.

"Na bakin ƙofa ne!" na ce. "Ku kawo na jikin bango!"

"Babu na jikin bango, Nna," in ji Arezki, idonsa a kan takalminsa. "An share sito jiya. Saboda ɓeraye."

"Ɓeraye? Ga su nan a zaune da carbi!"

"Hattara, tsohuwa," in ji magajin gari.

"Hattarar me? Kai Meziyan, ubanka da jaki yake hawa gangaren nan yana zuba toka don kada mutane su zame, ba wanda ya biya shi. Kai an ba ka kujera ka sayar da hanyar! Ku kuma," na juya wajen abokan aikin Belaid, su biyar a jere a benci, "wane ne a cikinku bai loda dutsen nan da hannunsa ba? Akli, ɗago kanka! Ba ka da harshe?"

Akli yana da ƙanne biyu a mahaƙa. Bai ɗago ba.

Si Lunis ya tsamo ƙwan da yatsu biyu, ya goge shi da gefen alkyabbarsa, ya miƙo mini.

"Ungo, Nna Farruja. Riƙe da kyau kada ya fashe. Zafin ɗa ne, ba mu riƙe ki ba."

A ranar aka kori Belaid, aka tura maganarsa kotu. Batun danja kuwa aka rubuta cewa tana aiki, sama ce ta yi laifi. Mako biyu bayan haka aka ba da sabuwar kwangilar sa mata murfi. Ba sai na faɗi wanda ya samu ba.

* * *

Belaid ya daina zuwa masallacin unguwa, ya daina zama wurin shan gahawa. Mutumin da in ya wuce da tifa mata ke miƙo masa busasshen ɓaure ta taga, yanzu sai ya leƙa ya ga hanya ba kowa kafin ya fita.

Ranar sadakar arba'in ɗin Dihiya kowane gida ya kai abinci. Na tashi na murza kuskus da hannuna, na yanka zakaran da nake ji da shi. Belaid da kansa ya hura mini wuta, ya zaɓo akushin da ya fi kyau.

"Ki ce mata..." Ya kasa ƙarasawa.

"Na san abin da zan ce."

Taku goma ne daga ƙofata zuwa tata. Malha ta fito da kanta, ta rame har ɗankwali ya yi mata yawa. Ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta matsa ba.

"Malha, 'yar'uwata, ki saurare ni. Na rantse da wanda ya karɓi ran Dihiya, ba Belaid ba ne."

"Na sani."

Na tsaya da akushi a hannu, zafinsa yana cin tafina.

"Kin sani?"

"Har ƙwan ma an ba ni labari. Kowa ya sani, Farruja." Muryarta ko rawa ba ta yi. "Amma Si Lunis ina zan gan shi? Gidansa da katanga da kare. Ɗanki kuwa kullum ina jin tarinsa ta bango. Ki bar ni da wanda hannuna zai kai gare shi. In kin ƙwace mini shi, wa zan tsana?"

Ta mayar da ƙofa a hankali, ba ta buga ba.

Da na shigo, Belaid yana tsugune a gaban murhu. Ya dubi fuskata, ya dubi akushin da faifansa a rufe yadda ya fita. Ya karɓa, ya ajiye a tsakar ɗaki, ya koma mazauninsa. Muka zauna muna kallon tururi yana fita ta gefen faifan, har ya daina.